Malam Taƙi da Rabon Ƙasa

Ranar da na kai wa mijin yayata ziyara a wurin aikinsa, na sha fararen kaya har da turare. A gindin bangon ofis na tarar da wani sabon dakali cikin inuwa, sumul kamar an shafa masa mai. Ban tambayi kowa ba, na tattare riga na zauna, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sanyin da na ji yana ratsa wandona na ɗauka ni'imar wurin ce. Sai da na zo tashi dakali ya ce bai san zancen ba. Ashe yanzun nan magini ya gama shafe shi da siminti ya tafi wanke hannu. Na bar musu hatimin da ba kowa ke so a gane nasa ba, na kuma kwashi kasona a bayan riga. Ina ɗaga kai sai ga tsofaffi biyu a bakin ƙofa suna kallona. Sun gan ni tun daga nesa, amma maimakon su tsayar da ni sai suka tsaya gardamar ko zan zauna ko ba zan zauna ba.

Dogon cikinsu shi ne mijin yayar tawa, kuma dakalin nan da shi da labarinsa duk nasa ne.

Malam Taƙi ake ce masa, har Yaya ma in ta manta haka take kiransa. Aikinsa ƙididdigar gini. A ba shi gida tun yana zane, ya faɗa maka bulo nawa zai ci, siminti buhu nawa, rodi, katako, kwano, har ƙusa, sannan ya ɗora wa kowanne farashinsa. Sunan kuwa hannunsa ne ya jawo masa. Ba ya iya ganin abu bai buɗe babban yatsa da manuniya ya auna shi ba, ko da teburin mutane ne, ko burodin da za a karya da shi. Mu goma ne a ɗakinmu, Yaya ce babba, ni ne auta, kuma ina tune da ranar da ya fara zuwa gaida babanmu: kafin a fito masa ya gama auna ƙofar falo. Da na kawo masa ruwa ya auna goshina, ya ce fili kam akwai, gini ne dai ba a fara ba.

Kamfanin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki ba babba ba ne. Ɗaki biyu ne ginshiƙinsa, ɗakin zane da ɗakin ƙididdiga, bango ɗaya ya raba su. Da can sai an zaga ta baranda kafin a je daga wannan zuwa wancan, har marigayi mai kamfanin ya gaji da ganin ma'aikata suna safa da marwa da naɗin takardu a hammata, ya sa aka huda bangon aka yi wata 'yar taga mai murfin katako da ake ja gefe. Taƙi huɗu ce a tsaye, uku a kwance. Ba sai na faɗi wanda ya auna ba.

A ɗaya gefen tagar akwai Magogi, babban mai zane, gajere mai tumbi, mai dariya kafin ya gama ba da labari. Shi ma aikinsa ne ya raɗa masa suna, don ba ya zana bango ya bar shi ya kwana inda ya ajiye shi. A zamanin tawada da takarda mai shara-shara, reza ce makaminsa. Duk lokacin da Malam Taƙi ya ji ƙarar kankara, ƙar-ƙar-ƙar, ta cikin bango, sai ya ajiye jan bironsa ya dafe kai, don ya san abin da ke tafe. Can sai murfin taga ya ja, fuskar Magogi ta cike ramin.

"Taƙi, na ɗan taɓa bangon kicin."

"Ɗan taɓawa kamar yaya?"

"Kamar taƙinka biyu. Matar mai gidan ce ta ce firjinta ba zai shiga ba."

"Allah ya isa tsakanina da rezarka. Ita ta sayi ƙaramin firji mana."

Wanda bai san aikin ba zai ce taƙi biyu ai ba komai ba ne. Amma bango in ya matsa ba shi kaɗai yake tafiya ba. Bulo ya canza, shafe ciki da waje ya canza, fenti, tayil, silin, duk sai an sake bin su ɗaya bayan ɗaya da rula da jan biro. Malam Taƙi zai yi ta ƙunƙuni har la'asar, Magogi kuma ya turo masa kofin shayi ta taga a matsayin diyya. Zanen wancan zamani, in ka samu ɗaya a sito, za ka ga da'irar gindin kofi a kusurwarsa. Katakon bakin tagar kuwa har ya lotsa gefe da gefe, wurin da gwiwar hannun kowannensu ta ci.

Ba takarda kaɗai ke bi ta tagar nan ba. Ta nan Malam Taƙi ya sanar da haihuwar 'ya'yansa duka. Ta nan tabarau ɗaya ya yi ta kai da kawo lokacin da idanunsu suka fara gardama kuma kowa ya ƙi yarda shi ne ya fara tsufa. Da matar Magogi ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, bai iya zagowa ta baranda ya faɗa ba. Taga ya ja, ya tsaya yana kallon katako, Malam Taƙi ya miƙa hannu ta ramin ya riƙe nasa. Sun daɗe a haka, kowa a ɗakinsa.

Amma abin da ya fi komai daɗi a tagar nan shi ne cinikin rabon ƙasa. Haka su biyun suke kiran ɗan ƙarin da ake yi a kan lissafi saboda asara: bulon da zai fashe a mota, wanda lebura zai yar, wanda magini zai sare rabi ya jefar da rabi. Ƙasa, in ji Malam Taƙi, ba a gini a kanta ba ta karɓi nata ba. Shi zai gama ƙirga bulo cif-cif, sai ya ƙwanƙwasa murfi da bayan biro.

"Rabon ƙasa fa?"

Magogi shi ke zuwa wurin gini, ya san hanya, ya san mai buga bulon, ya san ko maginan masu hannun ɓarna ne. Sai ya ce a ba ta ɗaya cikin ashirin. Malam Taƙi ya ce ɗaya cikin goma, shi bai yarda da direban da ke tuƙi kamar ana bin sa bashi ba. Su yi ta yi kamar masu cinikin akuya, wani ya yi fushi ya rufe taga, ya sake buɗewa, a ƙarshe a tsaya a tsakiya. Ba a rubuta wannan ka'ida a ko'ina ba. A bakin taga take zaune.

Da marigayi ya kwanta dama, 'yarsa ta karɓi kamfanin. Injiniya suke ce mata, ita kuma tana kiransu Baba, don a gabansu ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburin zane. Ita ta kawo sabon tsari. Zane ya tashi daga layi a kan takarda ya koma gini sukutum a cikin kwamfuta, wanda za ka juya shi ka leƙa cikinsa, kuma kowane bango ya san tsawonsa da kaurinsa da abin da aka yi shi da shi. A ɗakin Malam Taƙi kuma da ma akwai manhajar farashi, wadda ta san kuɗin kowane kaya. Abin da ya rage shi ne a ɗaura wannan da waccan, ta yadda in an taɓa bango a ɗakin zane, lissafi zai gyara kansa a ɗakin ƙididdiga.

Kada wani ya ɗauka Malam Taƙi ya tsaya ja da zamani. Shi da kansa ya yi ɗaurin. Dole kowane abu na cikin ginin kwamfuta a ba shi lamba, a haɗa lambar da layinta a manhajar farashi, kuma aikin sai wanda ya san cewa bango ba bulo kaɗai yake ci ba, yana cin kwaɓi, yana cin ladan magini, yana cin katakon hawa. Ya zauna ya bi su ɗaya-ɗaya, ƙofa da taga da ginshiƙi, yana jin daɗi kamar mai aurar da 'ya'ya. Har gida yake zuwa yana yi wa Yaya bayani tana gyangyaɗi. Abin da kawai ya kasa bari shi ne ɗora yatsu a kan gilashin kwamfuta yana auna bango, ana bin sa da tsumma.

Ranar gwaji aka tara kowa a ɗakin zane. Magogi ya kama bangon wani kicin ya ja shi gefe, lissafi ya sauya a kan allo kafin mutum ya ƙifta ido. Aka tafa. Aikin da ke cinye yini guda ya zama ba komai. Magogi murna ta cika shi, kamar yaron da aka saya wa keke, sai baki ya kufce masa a gaban matasan ofis.

"To alhamdu lillahi. Yau na huta da jan biron Taƙi. In matsar da bangona ba sai na nemi izinin kowa ba."

Aka yi dariya, shi ma Malam Taƙi ya yi. Amma magana zarar bunu ce. Da ya koma ɗakinsa ya ja murfin taga ya rufe, ya ɗauko kalandar da wani mai sayar da fenti ya kawo ya rataya a kai. Ba gaba suka shiga ba. Suna gaisawa a baranda da safe, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabcin da ya tare jiya. Aiki kuma yana tafiya sumul. Bango ya matsa, lamba ta sauya, babu kankarar reza, babu shayin diyya. Magogi yana jira a ƙwanƙwasa, Malam Taƙi yana jira a ja murfi, kowa yana ganin ɗayan ne ya daina buƙatarsa.

A gida aka fara shan wahalar abin. Mutumin da ya saba sauke faɗansa a ofis yanzu da shi yake dawowa cike da ciki. Labule ya fi taga tsawo da taƙi guda. An yanka burodi ba daidai ba. Yaya ta haƙura ta haƙura, ran nan ta ajiye masa abinci ta zauna.

"Malam, don Allah ka koma ka yi faɗanka inda ka saba yi."

"Ni ban yi faɗa da kowa ba."

"Ai shi ne ciwon. Wanda ya saba da yaji ba ya ƙoshi da lami."

Ana cikin haka Injiniya ta ce za a gyara ofis, a sa na'urar sanyaya ɗaki. Ta ga taga a rufe da kalanda a kai, ta ɗauka an gama da ita, ta ce wa Magogi ya sa a zanen gyara a toshe ramin don kada sanyi ya riƙa zurarewa. Magogi ya so ya yi magana, sai ya tuna ba shi ya rataya kalanda ba. Ya zana. A ɗaya ɗakin Malam Taƙi na zaune sai ga sabon layi ya faɗo a kan allonsa, babu sallama: toshe taga, bangon tsakiya. Igiyar da ya ɗaura da hannunsa ce ta kawo masa saƙon. Ya daɗe yana kallon layin, ya juya ya kalli kalanda. A tsarin da shi ya kafa, duk abin da ba a ba shi lamba ba ja yake zama, kuma ba a sayen kayansa. Bai ba shi lamba ba. Duk safiya layin nan na nan ja wur kamar ciwon ido, in Injiniya ta tambaya sai ya ce yana kan bincike.

A wannan tsakanin ne aka samu aikin wata makaranta, mai azuzuwa da yawa da doguwar katanga, aikin farko da aka yi gaba ɗaya da sabon tsari. Kwamfuta ta ƙirga bulo cif-cif. Hannun Malam Taƙi har ya ɗauki biro ya nufi murfin taga, sai ya ci karo da hoton gwangwanin fenti. Ya mayar da biro. A ransa ya ce na'ura ba ta san ƙasa na karɓar nata ba, wancan kuma da ya samu sabon abin wasa ina zai tuna. Sai ya buɗe manhajar farashi ya ba ƙasa ɗaya cikin goma, bai gaya wa kowa ba.

Aka yi odar bulo, gini ya tashi. Da aka kai kan linta aka rufe katanga, shugaban magina ya bugo wa Injiniya waya.

"Ranki ya daɗe, makaranta ɗaya aka ce mu gina, ko da ƙanwarta a gefe? Ga bulo nan tsibi guda, yaran unguwa har sun fara hawa suna hango gari."

Injiniya ba mai hayaniya ba ce. Ta bi lissafin daga ƙarshe zuwa farko, sannan ta shigo ɗakin Malam Taƙi ta ja kujera kusa da shi. Ta nuna masa ɗaya cikin goman da ya sa. Ya ce nasa ne, kuma yana nan a kan bakansa. Sai ta buɗe ginin kwamfuta ta nuna masa cikin bayanan bango: tun kafin adadin ya iso ɗakinsa, an riga an ɗora masa wani ɗaya cikin goma. Ƙasa ta ci rabo biyu.

"Wa ya sa wannan?"

"Baba, wa ke taɓa bangon nan ban da mutum ɗaya?"

Malam Taƙi ya miƙe. Ya cire kalanda ya kifa ta a kan tebur. Murfin ya ƙi ja, don katako ya kumbura da zama, sai da ya doke shi da tafin hannu. Magogi na zaune dab da ramin, kamar da ma bai taɓa matsar da kujerarsa ba.

"Kai mai reza. Wa ya aike ka ka taɓa rabon ƙasa?"

"Wa ya aike ka ka rufe taga? Na jira ka tambaya ba ka tambaya ba. Na ce tsohon nan girman kai zai sa bulo ya yanke masa a tsakiyar aiki, yara su yi masa dariya."

"Ni za a yi wa dariya? Tun kana zana gida da ƙofa a sama nake ba ƙasa haƙƙinta."

"Kuma ma hanyar makarantar nan kwalta ce har bakin ƙofa. Ɗaya cikin ashirin ya ishe ta."

"To don me ka sa goma?"

Magogi ya sosa ƙeya. "Na san abin da za ka ce ke nan. Na ce bari in bar maka sau ɗaya a rayuwa."

Yatsun Malam Taƙi suka hau katakon taga suna aunawa, ko da yake sun san amsar.

"Maganar da na yi ran nan kuma," in ji Magogi.

"Wace magana? Kai da ba ka barin bango ya kwana, magana ce za ka bari? Goge ta."

Injiniya ta bar su suka gama, sannan ta ce ita fa ba dariya ta zo yi ba. Za a kwashe bulon zuwa wani aiki, kuma kamfani ne zai ɗauki nauyin dako da na wanda zai fashe a hanya. Ta ƙara da cewa tun da bulo ya samu a wadace, sai a kawo kaɗan a toshe tagar, layin Baba ya daɗe da ja. Sai aka ji ɗan ƙaran linzamin kwamfuta daga ɗakin zane, ƙit, kuma a kan allon Malam Taƙi jan layin ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Ya gyara tabarau ya leƙa da kyau.

"'Yata, ni ban ga wani aiki a nan ba."

Ta dube shi, ta dubi fuskar da ta cike ramin, ta girgiza kai. Ta ce to ta ji, ɗaki biyun su raba sanyin. Amma daga yau rabon ƙasa wuri ɗaya za a riƙa sa shi, a manhajar farashi, kuma ba za a sa ba sai an yi cinikinsa a taga, ta ji da kunnenta.

Ba komai ne ya dawo ba. Reza ta tafi, jan biro ya bushe a aljihun tebur, naɗin takardu na sito, gara na karatu. Malam Taƙi ba ya cewa a koma da, don bayansa ya huta, idonsa ya huta, kuma bango na matsawa sau goma a yini ba wanda ke dafe kai. Sai dai wani lokaci in ya ga lamba ta sauya ita kaɗai, yakan ce da can kafin bango ya motsa sai an sha shayi a kansa. Yanzu sai ya ƙwanƙwasa murfi ya tambayi dalili, ko da dalilin na rubuce a gabansa, Magogi kuma ya ba shi amsar da za ta ja gardama. Yaya ta ce labulenta ya koma daidai.

Bulon da ya gutsure wajen kwashewa, wanda ba zai shiga bango ba, shi suka roƙa aka kawo ofis aka yi dakali, don su samu wurin ƙarasa gardama bayan an tashi. Magogi ya zana shi, ya sauya tsawonsa ba sau ɗaya ba. Malam Taƙi ya ƙirga. Ni kuma na buɗe shi.

Ina tsaye ina ɓamɓare siminti daga bayan riga, Magogi na dariya har yana riƙe tumbi, na dubi mijin yayata na ce, "Malam, kai da kwamfutarka da ba ku barin ko ƙusa, a wane layi kuka sa farar rigata? Ko ita ma ja za a bar ta?"

Ya tako a hankali, ya buɗe yatsu ya auna hatimin da na bari a kan dakali, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ai an daɗe da shigar da kai. Tun ranar da na zo gidanku na ƙirga ku goma, na auna goshinka, na san wanda aka ware wa ƙasa."